Bayan An Miƙa Makullin Ofis: Lacca Ga Ma'aikatan Da Ke Gab Da Ritaya

Wannan lacca ce da wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya gabatar ga ma'aikatan da 'yan shekaru suka rage musu su ajiye aiki. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an rage maimaici.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana ma'aikata maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Duk wanda ke zauren nan ya san ranarsa. Dokar aikin gwamnati ba ta ɓoye wa kowa komai ba: shekara 35 ta aiki ko shekara 60 da haihuwa, wadda ta riga zuwa ita ce. Malaman makaranta an ƙara musu a dokar 2022, ta koma shekara 40 ta aiki ko 65 da haihuwa, kodayake ba kowace jiha ce ta fara aiki da ita ba. Tun ranar da aka ba ka takardar kama aiki ranar fitarka take a rubuce cikin fayil. Amma abin mamaki, idan ta zo sai ka ga mutum ya ruɗe kamar ba a taɓa gaya masa ba. Na ga wanda ya fara ciwo wata uku kafin ranar. Duk mun ji labarin masu neman a rage musu shekarun haihuwa a takarda, alhali sun san haramun ne, kuma sun san suna tare wa ƙannensu da 'ya'yansu hanya. Tsoro ne ke sa wannan, kuma a kan tsoron nake so mu yi magana yau.

Idan ka tambayi mutum me yake tsoro, zai ce kuɗi. Ba ƙarya ya yi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya ga yadda kwanon masara da buhun shinkafa suka koma, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Mai albashi ma da ƙyar yake kai ƙarshen wata, balle ɗan fansho. A jihohi da dama tsofaffi suna jiran giratutinsu shekara da shekaru, wasu har Allah Ya karɓi abinsa ba su gani ba. Wannan zalunci ne, kuma ba zan tsaya a nan in ce muku ku yi murmushi a kai ba. Haƙƙinku ne, ku nema ta ƙungiyarku da kowace hanya ta halal.

Sai dai na zauna da 'yan ritaya da yawa, kuma na lura da wani abu. Akwai wanda fanshonsa na zuwa kan kari, ya aurar da 'ya'ya, gidan da yake ciki nasa ne, amma cikin shekara biyu ya zube. Akwai kuma masinja da ba shi da ko rabin abin da wancan ke da shi, yana nan garau, da asuba ya fita gona. Na farkon, abin da ya kayar da shi, ya wayi gari babu wanda ke jiransa. Wayar da ba ta hutawa ta yi shiru. Masu zuwa gaisuwa ranar Juma'a sun koma ƙofar wanda ya gaje shi. Direban ofis da ke buɗe masa ƙofa ya wuce shi a hanya da sabon maigida a baya. Shekara 35 an saba kiransa darakta, shi kansa har ya manta cewa kafin kujerar akwai mutum, kuma mutumin nan yana da abin da ya iya. To da aka ɗauke kujerar sai ya ɗauka shi aka ɗauke.

Ku dubi Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya ƙara masa yarda. Ɗan kasuwa ne a Makka. Da aka yi hijira zuwa Madina a shekarar 622 ya baro dukiyarsa, ya iso hannu rabbana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Sa'adu ɗan Rabi'u, ɗaya daga cikin masu arzikin Madina. Sa'adu ya ce zai raba dukiyarsa biyu ya ba shi rabi. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka a iyalinsa da dukiyarsa, ya ce shi dai a nuna masa kasuwa. Hadisin yana cikin Bukhari. Ya shiga kasuwar, ya dawo da ribar ɗan cuku da man shanu. Ku tsaya a nan ku yi tunani. Mutumin da aka sani a Makka, a baƙon gari, yana cinikin cuku a idon jama'a, bai ji kunya ba. Ba a daɗe ba ya yi aure da sadakin zinare, daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai.

Yawancin masu wa'azi a nan suke tsayawa, su ce kowa ya tafi kasuwa. Ni ina ganin akwai saura. Abdurrahman ya nemi kasuwa ne domin kasuwa ya sani. An raba shi da gidansa da jarinsa, amma ba a raba shi da sanin ciniki ba, da shi ya yi hijira. Kai da ka yi shekara 35 kana lissafin kuɗin ma'aikata, ko kina karɓar haihuwa a asibiti, ko kana duba gonakin manoma a matsayin malamin gona, taka kasuwar tana inda ake bukatar wannan sanin. Tambayar da ya kamata ka kwana da ita daga yau ita ce, me na iya wanda zai bi ni idan na miƙa makulli, kuma wa ke bukatarsa?

Rashin yin wannan tambayar ne ke cinye kuɗin sallama. An biya mutum kuɗi a dunƙule, bai taɓa riƙe irinsu ba, sai masu shawara su yi masa caa. Wani ya ce kiwon kaji, wani ya ce kifi, wani ya ce sayi A Daidaita Sahu uku ka ba yara. Mutumin da bai taɓa kwana da kaza goma ba sai ya zuba dubu, bai san farashin abincinsu ba, bai san allurar rigakafi ba, cuta ɗaya ta shiga ta share su cikin mako. Wasu kuma 'yan damfara ke kwashewa. Kun tuna MMM, harkar zuba kuɗi ta intanet mai alƙawarin riba mai yawa, da ta tsaya cak a watan Disambar 2016 da kuɗin mutane, kuma har yau irinta na fitowa da sabon suna a waya. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata ɗaya, ka yi masa sallama. Ban hana kowa kiwo ko noma ba. Amma in kana so, fara yanzu da kake da albashi, da kaza ashirin a bayan gida, ka je wurin wanda ya daɗe a harkar ka zauna a gabansa kamar almajiri. Asarar da za ka yi a kaza ashirin kuɗin makaranta ce, albashin wata zai rufe ta.

A nan ne ƙarfin hali yake shigowa, domin zama gaban yaron da ka haifa yana koya maka ba abu ne mai sauƙi ba ga wanda ya saba sa hannu a takarda. Zuciya za ta ce maka, me mutane za su ce? Tsohon babban jami'i yana auna taki a shago? Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, kuma na ga gaskiyar haka da idona. A Kakuri ta Kaduna, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu masaƙun suka bi bayanta, dubban magidanta suka wayi gari babu aiki, da yawa ko haƙƙinsu ba a biya ba. Su ba a ba su shekaru su shirya ba kamar yadda aka ba ku. Waɗanda suka miƙe a cikinsu su ne waɗanda suka yarda a gan su a kan babur ko a bakin tebur. Ku da kuka san ranarku tun yanzu, ba ku da uzurin a same ku a zaune.

Kada kuma wani ya ce shekaru sun ja. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife shi a 1754, yana da kimanin shekara 50 ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Abin da ya fi burge ni ma shi ne abin da ya yi bayan nasara. Ya raba ragamar mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, shi kuma ya koma ga karantarwa da rubutu, a Sifawa sannan a Sakkwato, har rasuwarsa a 1817. Mulki na hannunsa ya sake shi, domin ya san tun asali shi malami ne. Malam Aminu Kano kuma ta ɗaya gefen ya nuna mana. Yana malamin makaranta a Maru, da albashi da mutunci a lokacin da masu ilimin boko a Arewa ba su da yawa, ya ajiye aikin a 1950 ya shiga gwagwarmayar talakawa a jam'iyyar NEPU, yana ɗan shekara 30. Ba shi da tabbacin abin da zai ci. Abin da yake da tabbacinsa shi ne abin da yake so ya yi da rayuwarsa. Na kawo su biyun ne don ku ga cewa barin kujera bai taɓa rage wa mai manufa komai ba.

Iyayena mata, ku ma maganar ta shafe ku, wataƙila ma fiye da mu. Sau da yawa mace idan ta ajiye aiki sai a ɗauka ta koma renon jikoki shi ke nan. Renon jikoki lada ne, ban raina shi ba. Amma ungozomar da ta yi shekara 30 a ɗakin haihuwa, a yankin da mata ke mutuwa wajen haihuwa saboda jinkirin zuwa asibiti, iliminta ya fi ƙarfin tsakar gida ɗaya. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tara mata manya da ake kira jaji, ta koyar da su, suka shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Da dattijan mata ta yi aikin, domin su ake jin maganarsu, su ke shiga kowane gida ba shamaki. Malama, a unguwarki akwai 'yan matan da suka bar makaranta, akwai Islamiyyar da ba ta da mai tsara mata rajista. Ba sai an ba ki takardar naɗi ba.

Ba kowane aiki ne zai kawo kuɗi ba, kuma wannan ba laifi ba ne. Tsohon akawu da ya karɓi littafin kuɗin masallaci ko na ƙungiyar manoma ya gyara shi, tsohon alƙali ko ɗan sanda da ke sasanta rigimar gado da ta iyakar gona kafin ta kai kotu, tsohon malamin lissafi da ke tara yaran layi bayan la'asar kafin jarrabawar WAEC, duk waɗannan suna da dalilin tashi da safe. Abin da nake ji muku tsoro shi ne zaman majalisa daga hantsi zuwa magariba, ana zagin gwamnati ana lissafa wanda ya mutu. Hira da abokai tana da daɗi kuma tana da amfani, amma idan ta zama ita ce aikin, jiki da zuciya duk lalacewa suke yi.

Bari in taɓa takardu a gurguje. Waɗanda ke ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo, wanda aka kawo a 2004 aka sabunta a 2014, ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin 100, mai ɗaukar aiki kashi 10. Je ka kamfanin da ke riƙe da asusunka tun yanzu, ka duba ko ana zuba kuɗin kowane wata, ko sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da na katin ɗan ƙasa, ko magajin da ka rubuta yana raye. Ka nemi a yi maka bayanin bambancin karɓa wata-wata daga kamfanin da kuma sayen fansho na har mutuwa daga kamfanin inshora, kafin ranar da za a miƙo maka takarda a ce sa hannu. Ma'aikatan jiha kuma kowace jiha da dokarta, ka san taku.

Sai abu na ƙarshe, wanda maza da yawa ke gudu. Ka zaunar da iyalinka ka gaya musu gaskiya. Mu Hausawa ba mu saba gaya wa mace nawa muke ɗauka ba, shi ya sa idan abu ya ragu sai ta ɗauka rowa ce ko wata ake nema, gida ya hargitse a lokacin da ka fi bukatar natsuwa. Gaya mata abin da zai riƙa shigowa, gaya wa manyan 'ya'yanka abin da za ka iya da wanda ba za ka ƙara iyawa ba, musamman hidimar biki da ake cin bashi dominta. Ka yi istihara a kan abin da ka zaɓa, ka shawarci wanda ya riga ka fita ya zauna lafiya, ka bar wanda zai sayar maka da wani abu. Mai yiwuwa ma matar da ka ɓoye wa albashi shekara 30 tana da adashi da 'yar sana'ar da ta fi ka sanin kan ciniki, kuma ita ce za ta fara koya maka.

Shugaban taro, na ga akwai sauran lokaci kafin la'asar, kuma na ga hannaye a sama tun ɗazu, musamman daga ɓangaren mata. A ba su abin magana su fara. Wassalamu alaikum.