Shekara goma a shagon walda, amma babu takarda: yadda ake samun shaidar NSQ

[Hoto: Panteka ta Kaduna da hantsi, tartsatsin walda na tashi]

Kwanakin nan tambaya ɗaya ce ke yawo a wayoyin masu sana'ar hannu: "Na yi shekara goma a wajen maigidana, ya sallame ni, nawa zan biya a ba ni takardar NSQ?" Wasu kuma tsoro ya kama su, sun ɗauka sai an zaunar da su a aji da biro da takarda. Takardar nan ba a sayen ta, kuma ba rubutu ne ginshiƙinta ba.

Bari mu yi sauri a kan abin da ba shi da wuya. NSQ tsarin ƙasa ne na auna ƙwarewar sana'a mataki-mataki. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ita ke sa ido a kansa. Takardar kanta tana fitowa ne daga hukumomin da aka amince wa, irin su NABTEB, hukumar jarrabawar kasuwanci da fasaha ta ƙasa. Kada ka haɗa NSQ da Trade Test, gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago: can daga mataki na 3 ake farawa a hau zuwa na 1, nan kuwa daga na 1 ake farawa a yi sama. Ka yi rajista a cibiyar da NBTE ta amince da ita. In ka riga ka iya aikin, akwai ƙofar da ake kira RPL, wato a lissafa maka abin da ka koya a shago ba sai ka koma farko ba.

To, a nan za mu tsaya, domin a nan mutane ke tuntuɓe: hujjar da za ta nuna ka iya aikin.

[Hoto: mai tantancewa riƙe da fayil, yana kallon matashi na haɗa ƙarfe]

Kowace sana'a an rarraba ta kashi-kashi, kowane kashi da jerin abubuwan da dole a ga ka iya. Mutumin nan mai fayil, wato mai tantancewa da zai duba aikinka, ba shekarunka yake ƙirgawa ba. Layi-layi yake bi, kowane layi sai ya sami hujja kafin ya sa hannu.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ya gan ka da idonsa. Kalli nan. Sandar walda mai kauri milimita 2.5, wadda ake ce wa geji 12, tana son wuta tsakanin amp 60 zuwa 90. Yaron nan ya ƙure injin don ya gama da wuri, ga shi wutar ta ci gefen ƙarfen ta bar kwari. Ga wani ɗinkin walda kuma, duk ƙananan ramuka, saboda sandar ta sha danshi ko ba a goge tsatsa da fenti ba. Mai saye ba zai lura ba, fenti zai rufe. Mai tantancewa zai kankare dattin saman, ya duba, sannan ya tambaye ka da baki: me ya jawo wannan? "Haka muka taso muka gani" ba amsa ba ce. Ka tambayi cibiyar tun farko ko mai tantancewar yana jin Hausa, domin bayanin bakinka shi ma hujja ne.

Sai abin da ya fi kayar da gwanaye, kuma wallahi abin da ciwo: kariyar lafiya. Kashi ne mai zaman kansa, na dole. Mutum hannunsa kamar inji, amma ya zo da tabarau na rana da silifas, wayar injin a kwaile tana kwance kusa da ruwa. Ko ɗinkinsa ya fi na kowa kyau, wannan kashin bai ci ba. A ganina tsarin ya yi daidai a nan, duk wanda ya taɓa ganin mai walda ya kwana idonsa na zubar da ruwa kamar an watsa masa yashi ba zai yi musu ba.

[Hoto: hotunan ƙofofi da tagogi a waya]

Ayyukanka na baya ma suna shiga fayil, amma da sharaɗi huɗu. Hujjar ta dace da abin da ake nema: hoton ƙofa ba ya nuna ka iya yanka da gas. Ta zama taka ce: hoton ƙofa a tsaye ba kowa a jikinta, wa ya san wanda ya haɗa ta? Ta zama ta kwanan nan, ba aikin da ka yi shekara takwas baya ba. Kuma ta wadatar, sau ɗaya yana iya zama sa'a. Maigidanka zai iya rubuta shaida ya sa hannu, sai dai "yaron kirki ne" ba ta da amfani a fayil. Ya rubuta aikin da ya ga ka yi, da ranar, da irin ƙarfen.

Daga nan fayil ya wuce hannun mai bin diddigi na cikin cibiyar, sannan na waje daga hukumar da za ta ba da takardar. Shi ya sa ba a gama ta a mako guda, kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi da fasfo gobe ka karɓa, ka riƙe kuɗinka. Sakamako iri biyu ne: ka ƙware, ko ba ka kai ba tukuna. In na biyun ne, kashin da ya rage kawai za ka gyara a sake duba ka.

[Hoto: yaron shago yana ɗaukar bidiyo]

Daga aikin gobe, ka ba yaron shago wayarka. Ya ɗauke ka kana awo, kana yanka, kana ɗinki da garkuwar fuska da safar hannu, fuskarka ta fito a farkon bidiyon. Ka sami ƙaramin littafi ka rubuta kwanan wata da sunan aikin, mai aikin ya sa hannu a ƙasa.