Lauyan da ya manta tabarau a cikin littattafansa

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da kukan iskar nan, a bakin titi nake tsaye a Oksfod, yatsuna har sun ƙage, amma wallahi ba zan iya jira sai na koma Landan ba kafin in ba ku labarin nan. Yanzu na sauko daga ɗakin karatu na Bodleian, kuma tun a kan matakala nake dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Kun san abin da ya ba ni dariya? Tabarau. Tabarau fa, na ido.

Bari in faro daga tushe. Akwai wani lauya a ƙasar nan, John Selden, an haife shi a 1584, ya rasu a 1654. Mu da muke karatun shari'a a Ingila babu yadda za a yi mu kauce wa sunansa, don ƙungiyar da ke buga tsofaffin kundayen kotunan ƙasar tun 1887 ma sunansa aka saka mata. Ni dai a aji na san shi, irin sanin da ake yi don a ci jarrabawa. Yau kuma wata dattijuwa mai zagayawa da baƙi ta tsayar da mu a tsohon zauren, ta nuna can ƙurya inda wata babbar taga take, ta ce wancan ɓangaren sunan Selden yake amsawa, domin a 1659 aka kawo littattafansa wajen 8,000 aka jera a wurin. Sai ta ƙara da cewa lokacin da ma'aikata ke buɗe littattafan, sun yi ta cin karo da tabarau a tsakanin shafuka. Mutumin nan in yana karatu aka kira shi, sai ya cire tabarau ya sa a shafin da ya tsaya, ya rufe littafi, shi ke nan, ya manta. Gobe ya nemi wani. Wani matashi mai suna Anthony Wood da ya taya su jera littattafan, shugaban ɗakin karatun ya ba shi guda ɗaya, ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa.

To ni abin da ya kama ni ke nan. Shekara 5 da mutuwar mutum, a buɗe littafinsa a ga daidai inda idonsa ya tsaya. Fam goma na biya na shiga, ban da kuɗin mota wajen fam ashirin zuwa da dawowa, amma labarin nan kaɗai ya fanshe kuɗina.

Kuma kada ku ɗauka ɗan gata ne. Ubansa ƙaramin manomi ne a wani ƙauye a Sussex, an ce ma gwanin goge ne, da kiɗan ya sace zuciyar uwar. Ɗan mai goge ya zo nan Oksfod, ya wuce Landan makarantar lauyoyi ta Inner Temple, ya zama cikakken lauya a 1612. Sai dai ba irin lauyan nan ba ne mai son tsayawa gaban alƙali yana kumfar baki. Da wuya a gan shi a kotu. Aikinsa rubuta takardun filaye da ba manya shawara a ofis, sauran lokacinsa kuwa yana can cikin ƙura yana tonon tsofaffin rijistoci. Abokan karatuna da yawa gani suke tarihin shari'a kwas ne na cike gurbi, wai ba ya kawo kuɗi. Ku tsaya ku ji abin da tonon ƙura ya yi.

Tashin farko ya jawo masa rigima da malaman coci. A 1618 ya fitar da littafi a kan tarihin ushirin da ake ba coci, ya bi takardu ƙarni bayan ƙarni yana nuna yadda dokar ƙasa da al'ada suka tsara biyansa. Malaman suka ce bai isa ba, aka hana littafin yawo, aka sa shi ya ba da haƙuri. Ya bayar, amma haƙurin buga littafin ya bayar, bai ce abin da ke ciki ƙarya ba ne. Lauya ke nan.

Babbar kuwa ita ce ta 1627. Sarki Charles na Ɗaya ya matsu da kuɗin yaƙi, ya ɗora wa masu hali rancen dole ba tare da yardar majalisa ba. Wanda ya ƙi, kurkuku. Mutum 5 daga cikin waɗanda aka tsare suka kai ƙara, suka ce a faɗi laifinsu ko a ba da belinsu. Amsar da aka kawo wa kotu ita ce, umarnin sarki ne na musamman. Iyakarta ke nan. Selden na cikin lauyoyin da suka tsaya musu, kuma makaminsa tsofaffin takardun nan ne da yake tonowa. Ya ɗauko Magna Carta, yarjejeniyar da aka fara ƙullawa a 1215, ya ce ba a tsare mutum mai 'yanci sai bisa dokar ƙasa, kuma son ran sarki ba shi ne dokar ƙasa ba. Alƙalai suka ƙi ba da beli. Ya faɗi a kotu, ba ɓoye-ɓoye. Amma shekara na zagayowa, yana ɗan majalisa, shi da tsohon babban alƙali Edward Coke da sauransu suka kwashi hujjojin nan suka zuba a takardar koken haƙƙi ta 1628, sarki ya amince da ita ba don yana so ba. Kun ga in kura ta hana ka hanya, sai ka zaga ta bayan gari.

Ramuwa ba ta daɗe ba. A 1629 aka kama shi aka kai Hasumiyar Landan, aka garƙame ɗakin karatunsa, aka hana shi littafi da alƙalami na wani lokaci. Ku duba mutumin da ke manta tabarau a cikin littafi, a ce ba littafi. Sun san inda zai yi masa ciwo. Abin da ya fi ba ni dariya, a 1643 majalisa ta naɗa shi mai kula da kundayen tarihi da ke ajiye a Hasumiyar nan dai da aka tsare shi. Ɗan fursuna ya dawo da makullin adaka.

Ba zan yi muku ƙarya in ce waliyyi ne ba. A 1635 wannan sarkin dai da ya ɗaure shi, shi ya sadaukar wa littafin da ya rubuta yana kare cewa tekun da ke kewaye da Ingila mallakarta ne, martani ga Grotius na Holan da ya ce teku na kowa ne. Ni a nawa ganin, sulhu ya nema, kuma wanda ya ɗanɗani kurkuku ba na ganin laifinsa sosai. Akwai kuma raɗe-raɗin cewa ya auri matar maigidansa a asirce bayan mijin ya mutu, ita ce ta bar masa dukiya a 1651. Wannan kuma tsakaninsu.

Af, na manta, ya iya Larabci. Da Ibrananci. A 1642 ya buga wani yanki na tarihin da wani shugaban cocin Iskandariyya ya rubuta da Larabci, tare da fassara. Da dattijuwar nan ta faɗi haka, sai na ɗan gyara tsayuwa, don ni kaɗai ne a cikin ayarin da zai iya karanta baƙi da wasali, kuma sai da na tabbata ta sani. A cikin kayansa akwai taswirar Sin ta hannu, wadda ba a gane darajarta ba sai 2008, akwai kundin mutanen Aztek na Meziko mai zane-zane. A kan littattafansa yakan rubuta wata 'yar jimla da Girkanci, ma'anarta 'yanci gaba da komai. Ku kuma ji abin mamaki, da aka kawo su nan, sarƙa aka sa musu aka ɗaure a jikin kanta don kada a sace. Shi ya sa a da ake jera littafi bakinsa a waje, bayansa a ciki.

A nan ne dariyata ta ɗan tsaya. Kakana magatakardan kotun alƙali ne, shekara da shekaru. Ina yaro akwai wata adakar ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, cike da takardun ajami, rabon gado, shaidar saye da sayarwa, wasiƙu, tawada ta koma ja. Bayan rasuwarsa aka tura ta wani ɗaki da ke yoyo. Ran da na buɗe, gara ta riga ni. Na ɗaga takarda ɗaya ta narke a hannuna kamar garin tuwo. Rabin sama ne kawai ya tsira. Shi Selden abokai 4 ya bar wa wasiyya, cikinsu har da Matthew Hale wanda ya zama babban alƙalin ƙasar, su suka tsaya sai da kayansa suka samu wurin zama. Kakana mu ya bari.

Wanda zai zo, ga gargaɗina. Ka sayi tikiti tun kana gida, ni na zo da gadara sai da na yi zaman awa biyu a cikin sanyi ina jiran zagaye na gaba. Kada ka taho da ƙatuwar jaka, kuma ka tambaya kafin ka ɗaga waya. Kada ma ka yi mafarkin aron littafi, Sarki Charles da kansa ya nema a 1645 aka hana shi. Mai son katin karatu sai ya yi alkawari da bakinsa cewa ba zai kunna wuta a ciki ba, kuma an fassara alkawarin zuwa harsuna fiye da 100. Ni dai ranar da zan karɓi nawa, da Hausa zan nemi in faɗa. Kabarin Selden kuma ba a nan yake ba, yana cocin Temple a Landan, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Ga motata can ta shawo kwana. Kawu, na san yara za su nuna maka wannan. Don girman Allah, ragowar takardun Malam da ke cikin adakar nan, a ɗauke su daga ƙasa a ɗora a kan wani abu, kada kowa ya ce zai gyara ko ya jera. A bar su yadda ya bar su sai na zo. A gaida Inna.