Kwaikwayon Ƙwaƙwalwa a Kwamfuta: Aikin Gayya Tsakanin Masana da Masu Rubuta Manhaja

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina da ɗalibai maza da mata, ina godiya da kuka jure zafin Sakkwato kuka cika ɗakin nan bayan la'asar.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace kuma tana hulɗa da dubban 'yan'uwanta ta hanyar bugun lantarki da sinadarai. Tun da ba a buɗe kan mai rai don kawai a gwada wani hasashe, sai masana suka koma rubuta halayen ƙwayoyin da lissafi, su ba kwamfuta ta kwaikwaya. Tushen wannan ya faro a 1952, lokacin da Alan Hodgkin da Andrew Huxley a Ingila suka bayyana yadda bugun lantarki yake tafiya a babbar jijiyar wata dabbar teku da ake kira sikwid. Huxley ya yi makonni yana juya na'urar lissafi ta hannu kafin ya fitar da siffar bugun, kuma aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1963.

Ku kwatanta da 2013, lokacin da masana daga Jamus da Japan suka ɗora manhajar NEST a kan babbar kwamfutar K, suka kwaikwayi ƙwayoyi biliyan 1.73. Sai da na'urar ta yi minti 40 kafin ta kammala abin da wannan adadin ƙwayoyi yake yi cikin daƙiƙa ɗaya. Jama'a sun yaba ƙarfin na'ura, amma ni abin da ya fi burge ni shi ne masu rubuta manhaja da suka sake tsara yadda ake adana bayanin kowace mahaɗa, wato wurin da ƙwayar jijiya take isar da saƙo ga wata, domin ba don su ba da ma'ajiyar kwamfutar ta cika tun ba a je ko'ina ba. Masanin ƙwaƙwalwa ya san tambayar da za a yi da abin da awo ya nuna a ɗakin gwaji, mai rubuta manhaja kuwa ya san yadda za a sa lissafin ya yi sauri ba tare da ya karkace ba, kuma da wuya mutum ɗaya ya haɗa biyun. Haka manhajar NEURON ta samu, daga aikin Michael Hines a ɗakin binciken John Moore a Jami'ar Duke ta Amurka, haka kuma Brian, wadda Romain Brette da Dan Goodman suka fitar daga Faransa a 2008 da harshen rubuta manhaja na Python.

Dukkan manhajojin nan uku a buɗe suke: kowa yana iya sauke su kyauta, ya karanta rubutun cikinsu, ya gyara, ya mayar. Mu a Sakkwato ba baƙon abu ba ne wannan. Wanda ya taɓa duba tsofaffin rubuce-rubucen da ke Cibiyar Waziri Junaidu ya ga yadda ɗalibi yake kwafe littafi da hannunsa, a yi muƙabala da na malami, a rubuta gyara a gefen shafi domin mai zuwa ya amfana. Na ɗanɗana zafin rashin wannan muƙabala da kaina. Na yi wata huɗu ina ƙoƙarin maimaita sakamakon wata takarda, ina zargin kaina, sai daga baya marubutan suka saki rubutun manhajarsu na ga adadi ɗaya ya saɓa da wanda aka buga. Da rubutun yana fili tun farko, kwana biyu sun isa.

Akwai abin da yake damuna, kuma zan faɗe shi a gaban shugabanninmu. A jami'o'i ana ƙarin girma ne da yawan takardun da aka buga, don haka wanda ya shafe shekaru yana gyara manhajar da ɗaruruwan masu bincike suke dogaro da ita sau da yawa ba ya samun ladan da ya kamace shi. Babban shirin ƙwaƙwalwa na Tarayyar Turai, wanda ya gudana daga 2013 zuwa 2023, bai gina cikakkiyar ƙwaƙwalwar mutum ba, amma ya bar kayan aiki a dandalin EBRAINS, kuma irin waɗannan mutane ne suke riƙe da su.

Kada kuma mu ɗauka an kusa gamawa. Tsutsar nan C. elegans ƙwayoyin jijiya 302 kacal gare ta, an zana mahaɗunsu tun 1986, amma 'yan sa-kai na OpenWorm tun 2011 suke aiki ba su kammala kwaikwayon dukkan halayenta ba.

Amfanin da ya fi kusa da mu shi ne farfaɗiya. A Marseille ta Faransa an gwada manhajar The Virtual Brain, inda ake gina kwaikwayo daga hoton ƙwaƙwalwar majinyaci domin a taimaka wa likita ya gano inda ciwon yake tasowa kafin tiyata. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Kware, muna kuma da ɗaliban lissafi da na kwamfuta waɗanda da yawansu ba su taɓa zama tebur ɗaya da ɗaliban likitanci ba. Ƙaramar kwamfutar hannu tana iya kwaikwayon dubban ƙwayoyi da Brian, kuma da zarar an sauke ta ba a buƙatar intanet. Roƙona shi ne ɗalibin sashen nazarin aikin jiki ya nemi ɗan'uwansa na kwamfuta, su fara da lissafin Hodgkin da Huxley, in sun ga kuskure ko bayanin da bai fito ba su rubuta wa masu manhajar a GitHub, dandalin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji. Na zo da kwamfutata, kuma bayan sallar magariba zan zauna a nan da duk mai son ya ga yadda ake ɗora Brian.