Kurmi da dajin turare: wanne ya fi saurin cin wuta?

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a barkanmu da yamma, ina godiya ga waɗanda suka shirya zaman nan. Na baya can kuna jina? To madalla.

Kafin in fara, ga wani ganye nan na tsinko a bakin hanya da zan shigo, don Allah a miƙa shi layi-layi, kowa ya murza a yatsa ya shinshina. Ganyen turare ne, wasu su ce zaiti, irin wanda aka jejjera a shingayen tare hamada a Kano da Jigawa da Katsina. Wannan ƙamshin da kuke ji yana hawa kai kamar man zafin da ake shafa wa mai mura, mai ne a cikin ganyen, kuma mai ne mai kamawa da wuta. Wanda ya taɓa jefa ɗanyen reshen turare a murhu ya san ƙarar da yake yi, tas tas tas, wutar ta yi tsalle. Bishiyar nan ba 'yar gida ba ce, daga Ostireliya aka kawo mana ita, to can za mu je yau.

A Ostireliya turare ba iri ɗaya ba ne, ya haura iri 800, kuma wajen kashi 77 cikin 100 na dazuzzukan ƙasar na asali duk turare ne. A cikin wannan tekun na turare sai ka tarar da 'yan tsibirai na wani daji daban, duhu, sanyi, ganye ya haɗe a sama rana ba ta kaiwa ƙasa. Shi ne zan riƙa kira kurmi, don shi ne sunan da muke da shi na irin wannan daji. Kurmin nan bai kai kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasar ba, yana nan a gabas daga arewacin Kwinsland ya gangaro har tsibirin Tasmaniya, kuma tsohon abu ne ƙwarai, wasu itatuwansa zuriyarsu tun zamanin da Ostireliya take manne da Antatika da Kudancin Amurka. Abin mamakin shi ne iyakar da ke tsakaninsu. Ruwan sama ɗaya, wani lokacin ƙasa ma iri ɗaya, amma sai ka yi 'yan taku kaɗan ka fita daga hasken dajin turare ka faɗa duhun kurmi kamar ka shiga ɗaki. To me ya ja wannan layin? Wuta ce.

Mu fara da turare, don shi halinsa a fili yake. Ganyensa rataye yake yana kallon ƙasa, shi ya sa inuwarsa ba ta da kauri, ku da kanku kun sani ba a neman inuwar turare in akwai darbejiya kusa. Rana na shiga, iska na shiga, ƙasa ta bushe. Ganyen da ya zuba kuma tauri gare shi, ga mai, ba ya saurin ruɓewa, sai ya yi ta taruwa shekara da shekaru. Sannan ga ɓawo. Wasu irin ɓawonsu kamar zaren igiya yake, wuta ta bi shi ta hau sama kamar tsani, wasu kuma ɓawon yana saɓulewa dogo-dogo ya rataya a rassa, in ya kama sai iska ta ɗauke shi yana ci ta kai shi gaba ta jefar, ya kunna sabuwar wuta a inda babu wanda ya yi tsammani. A gobarar ranar 7 ga Fabrairun 2009 a jihar Biktoriya, wadda ta kashe mutum 173, an samu irin wannan garwashin ya tashi wuta a nisan da ya kai kilomita 30 gaba da uwar wutar. Kilomita 30 fa jama'a. Wace hanyar mota ce ko wane kogi ne zai tare wannan?

Amma shi turaren bai damu ba. Yawancinsu suna da idanun toho a ɓoye ƙarƙashin ɓawo, bayan 'yan makonni sai ka ga baƙin kututture ya fitar da ganye jajaye da kore tun daga gindi har sama kamar an sa masa riga. Wasu kuma wani dunƙule gare su a cikin ƙasa, ko saman ya ƙone ƙurmus daga nan za su sake fitowa. Akwai ma wanda ya fi ba ni mamaki, wani dogon turare na Biktoriya da Tasmaniya da ke kai wajen mita 100, yana cikin bishiyoyi masu fure mafi tsawo a duniya. Shi babbar wuta kashe shi take yi, amma 'ya'yansa na can sama a rufe cikin ƙwanso, bayan wuta ta wuce sai iri ya zubo kan toka, ga haske ga taki babu mai gasa da shi. 'Ya'yansa ba sa iya girma a inuwa, wato in babu wuta ma zuriyarsa ce za ta ƙare a wurin.

To mu shiga kurmi. Nan ne nake so ku ba ni hankalinku, don nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ana ɗauka wai kurmi ba ya cin wuta ne saboda ganyensa ba irin mai ƙonewa ba ne. Masu bincike sun gwada, sun kwaso busasshen ganye daga kurmi da na dajin turaren da ke maƙwabtaka da shi, suka busar da su daidai wa daida suka kunna, sai aka ga bambancin bai kai yadda ake zato ba, ganyen kurmi da yawa in ya bushe ci yake yi sosai. Ashe sirrin ba a ganye yake ba, a rufin yake. Rassa sun haɗe sun tare rana, sun tare iska, danshi ya zauna a ciki, ganyen da ya faɗi kafin ya taru ƙwari da naman gwari sun cinye shi ya koma ƙasa, ciyawa kuma ba ta samun hasken da za ta fito. Ka sa hannu ka tona ganyen ƙasan kurmi da tsakar rana, za ka ji shi da sanyi da laima yana manne maka a yatsa, ka fito waje taku ashirin ka taka na turare ka ji ƙaras ƙaras. Wuta ta taho da gudu daga dajin turare, tana isowa bakin kurmi sai ta rasa iska ta rasa busasshen abinci, ta kwanta, ta yi ta rarrafe har ta mutu. Kurmi da kansa yake ƙera yanayin da ke kare shi, shi kuma turare yana ƙera yanayin da ke kiran wuta, kowa na gyara wa 'ya'yansa gida.

Wani masanin tsirrai na Jami'ar Tasmaniya, W. D. Jackson, tun 1968 ya yi bayanin nan da kyau. Ya ce ku dubi tazarar da ke tsakanin wuta da wuta. Inda take yawan dawowa, fili ne na ciyayi da ƙananan tsirrai. Inda take jinkiri, dajin turare. In ta ƙara jinkiri sai itatuwan kurmi su fara tasowa a ƙarƙashin dogayen turaren, hawa biyu kenan, kurmi a ƙasa turare a sama. In aka yi wajen shekara 350 zuwa 400 babu wuta, tsofaffin turaren su mutu babu magaji, wuri ya zama kurmi zalla. Wuta ɗaya mai ƙarfi kuma ta isa ta mayar da hannun agogo baya. Kuma abin yana tafiya ta kowane ɓangare, a arewacin Kwinsland inda aka daina ƙonawar da 'yan asalin ƙasar suka yi dubban shekaru suna yi, kurmi ne yake ta kutsawa cikin dajin turare mai laima, har masu kula da namun daji suna damuwa da dabbobin da sai a dajin turaren suke rayuwa.

Yanzu ga inda abin yake ci mini rai. Tunda kariyar kurmi danshi ne, to ranar da danshin ya tafi fa? Shekarar 2019 ita ce mafi zafi kuma mafi ƙarancin ruwan sama da aka taɓa rubutawa a Ostireliya zuwa lokacin. Fari ya yi tsanani, itatuwan kurmi suka fara zubar da ganye don su tsira, rufi ya buɗe, rana ta shiga, ganyen ƙasa ya yi kauri ya bushe, ƙoramu suka ƙafe. A watan Satumba, tun bazararsu ba ta kankama ba, wuta ta shiga gandun Lamington a kudancin Kwinsland ta cinye masaukin baƙi na Binna Burra wanda yake nan tun shekarun 1930. A Nuwamba ta shiga gandun Nightcap, inda akwai wata bishiya da sai a shekarar 2000 masana suka gano ta, kuma duk duniya a wannan ɗan yankin kaɗai take. Yankin kurmin Gondwana da ke cikin jerin wuraren gado na duniya na UNESCO, fiye da rabin faɗinsa wuta ta taɓa a wannan kakar. A nan sai mun yi adalci, cikin wannan faɗin akwai dajin turare da yawa, kuma ko a wannan mummunar shekarar wutar ta fi sauƙi a cikin kurmi fiye da waje, sau da yawa a ƙasa ta riƙa bi, tsakiyar kwazazzabai masu laima da dama sun tsira. Wato har a lokacin kurmi ya fi turare wuyar kamawa.

Sai dai wuyar kamawa daban, jure ƙuna daban. Itacen kurmi ɓawonsa siriri ne, bai saba ba. Wutar da ba ta wuce gwiwa ba, wadda turare ko a jikinsa, ita sai ta dafa gindin itacen kurmi ta zagaye shi, ka gan shi a tsaye kore kamar lafiya lau, bayan watanni ya fara zubar da ganye ya mutu a tsaye. Wasu suna sake toho daga gindi, ba a ce duka suke mutuwa ba, amma kafin rufin ya sake haɗewa shekaru ne masu yawa, a tsakanin nan haske ya shiga, ciyawa da wani ɗan kutse mai suna lantana su cika wurin, su kuma abincin wuta ne, sai wuta ta biyu ta fi ta farko samun hanya. Haka ake cin kurmi, daga baki-baki, kamar yadda ake shan kunu mai zafi.

A Tasmaniya ma ya fi muni. Janairun 2016 tsawa ta yi ta sauka babu ruwa, wuta ta tashi a wurare da yawa ta hau tsaunuka, a kusa da tafkin Mackenzie ta ƙone wasu itatuwa waɗanda wasunsu kan haura shekara 1000 a raye. Waɗannan in sun ƙone shikenan, irinsu ba ya tafiya nesa, ƙasar da suke kai ma ruɓaɓɓen ganye ce ta dubban shekaru, ita kanta ci take yi. Shi ya sa a gobarar 2019 zuwa 2020 da wuta ta nufi wani ɓoyayyen kwazazzabo a arewa maso yammacin birnin Sidni inda itatuwan Wollemi suke, bishiyar da sai a 1994 aka gano tana raye, kuma waɗanda ke daji ba su kai 200 ba, sai da aka sauke ma'aikata daga jirgi mai saukar ungulu suka shimfiɗa bututan ban ruwa suka jiƙa ƙasa, jirage suka zuba maganin kashe wuta a kewaye. Danshin da kurmin ya rasa ne mutane suka mayar masa da hannu, kuma mafi yawan itatuwan sun tsira.

Na ga hannu a can, bismillah ɗan uwa.

Tambayarsa ga waɗanda ba su ji ba, ya ce Malam to turaren da muke shukawa a nan fa, ba mu jawo wa kanmu gobara ba? Tambaya mai kyau. A nan arewa turarenmu layi-layi ne ko 'yan gonaki, ganye da ƙirare ba sa kwana a ƙasa, mata da yara sun tsince na girki, dabbobi sun cinye ciyawar ƙarƙashi, don haka abincin wutar ba ya taruwa irin na can. Mu abin da ke ɗaukar wutarmu busasshiyar ciyawa ce da iskar hunturu. Amma wanda yake da turare a jikin gida ko makaranta ya riƙa share ƙarƙashinsa, kar ya bari ganye da ɓawo su yi tudu kusa da danga ko rumbu. Inda maganar yau ta fi shafarmu shi ne kurminmu. Ku je tsaunin Mambila a Taraba, akwai gandun Ngel Nyaki, ɗan kurmi ne na kan dutse, kewaye da shi filin ciyawa ne da ake ƙonawa da rani don sabon toho ya fito wa shanu, ga kuma gonakin turare birjik a kan tsaunin. Wutar ba ta shiga tsakiyar kurmin, bakinsa take lasa tana kashe ƙananan itatuwan da za su faɗaɗa shi, shi ya sa masu kula da wurin suke kafa shinge suna share layin tare wuta a gefensa. Haka 'yan kurmin bakin rafi a kudancin Kaduna, ni na tsaya na ga wutar masu farautar gafiya ta taho har bakin rafi ta mutu a inuwa, amma inda aka sare manyan itatuwa biyu uku aka yi gawayi, ta nan ta samu ƙofa ta shiga.

Akwai wata tambayar? To na ji an fara kiran magariba, 'yar uwa riƙe taki, in mun idar sai mu fara da ke. Wanda ganyen nan ya tsaya a hannunsa ya taho mini da shi.