Tsohon gilashi a gidan ƙarfe: yadda zaka gane na asali da na auren dole

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Bari in ɗan gyara kyamara... yauwa. Abu uku na jera muku a tebur yau, dukkansu tsofaffin kayan gilashi ne da aka zaunar a gidan ƙarfe. Duk sanda ka ɗauki irin wannan kayan to ka sani abu biyu ne a hannunka, galibi wani kamfani ne ya hura gilashin wani daban ya ƙera ƙarfen, shi yasa tambayar farko itace, tare suka fito tun asali ko kuwa jiya-jiyan nan wani ya haɗa su? Masu harkar a Ingila da Amurka suna kiran haɗin baya da suna aure. Ni auren dole nake ce masa, don in ka zuba ido zaka ga ba sa son juna.

Mu fara da wannan jar kwalbar. Ta Amurka ce, irin wadda aka yi yayi daga wajen 1870 zuwa 1900, ana zuba kokwamba da aka jiƙa a binega a ajiye a teburin cin abinci. Kun ga gidanta, ga ƙafafu, ga dogon mariƙi ya yi baka ta sama, ga murfi, sannan ga ɗan awartakin ɗauka rataye a ƙugiyarsa ta gefe. Wannan jan launin kuwa da ɗan burbushin zinariya ake samo shi a cikin narkakken gilashi.

Kullum ka fara da juya ƙarfen ka duba gindi, amma ka cire gilashin tukuna don Allah, kar ka juya ya faɗo. To ga tambarin, bari in matso... Meriden, kamfanin da aka kafa a 1852 a jihar Konetikat, daga baya a 1898 ya shige cikin kamfanin International Silver. A gefe kuma an buga quadruple plate. Mutane da yawa in sun ga wannan rubutun sai ransu ya yi fari su ɗauka azurfa suka tsinta, a'a, ruwan azurfa ne kawai aka yi wa wani ƙarfen, sai dai mai ɗan kauri. Haka in ka ga EPNS a kayan Ingila, ƙarfen cikin haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zink, ko ɗigon azurfa babu sai abinda aka shafa a sama da lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Bamingam ya yi wa rajista a 1840. EPBM kuma cikinsa kusan duk kuza ne, yana da laushi, shi yasa zaka ga ya lotsa nan da can, kuma inda ruwan azurfar ya goge toka-toka yake fitowa, shi kuwa na nikel ɗin ɗan rawaya-rawaya.

Yanzu ga inda aikin yake. Na mayar da kwalbar gidanta, ku saurara... kun ji? Shiru. Na girgiza a hankali bata motsa ba, gindinta ya zauna daram a cikin zoben. Murfin ma ya hau bakin ba gyangyaɗi. To bari in ɗauko wata kwalbar da na ajiye musamman don ku gani, ita ma tsohuwa ce, ita ma ja, kyakkyawa wallahi, amma duba, ƙwas ƙwas, tana rawa, akwai rata da zaka iya zura ashana, murfin kuma ya karkace kamar hular da ba taka ba. In da a haka na same su a wajen mai sayarwa to auren dole ne. Kuma ba lallai mugunta bace, gilashi fashewa yake ƙarfe kuma ya rayu, shekara ɗari da wani abu ba wasa ba, sai gidaje su yi yawa kwalabe su yi kaɗan, kowa ya samu wadda ta ɗan shiga sai ya cusa.

Abinda ido bai cika kamawa ba shine sawun zama. Abu biyu da suka daɗe tare suna barin alama a jikin juna. Ku dubi cikin zoben nan, akwai da'irar da azurfa ta goge, faɗinta daidai da gindin kwalbar. Ku dubi gindin kwalbar kuma, ga ƙananan ƙarce barkatai, wasu nan wasu can, ba tsari. In ka ga ƙarcen duk sun miƙe gefe ɗaya kamar layin littafi to wani ne ya goga da samfefa don ya tsufar da ita. In kuma da'irar cikin ƙarfen tafi gindin gilashin faɗi, to wata ce ta zauna a wajen kafin wannan.

Amma kar ku zafafa. Kamfanonin ƙarfen nan sayen gilashi suke daga masana'antu daban-daban, don haka kana iya ganin gida iri ɗaya sak da shuɗiyar kwalba a wani wajen da ja a wani, kuma duk na asali. Launi ba hujja bane. Layin ɗinki a jikin gilashi ma ba hujjar sabunta bane, tun wajen 1820 da wani abu Amurkawa ke matsa gilashi a cikin mazubi. Ita kuma tocilar nan mai shuɗin haske, wato ta UV, da masu harkar ke yawo da ita yanzu, eh, gilashin da ke da yuraniyom zai yi kore shar kamar fitila, abin sha'awa, sai dai yuraniyom ɗin kawai ta nuna maka, bata faɗa maka shekara ba, don ba a daina yin irinsa ba.

Na biyu, wannan butar ta Ingila. Ita wuyanta da murfinta azurfa ce ta gaske, kuma Ingila ta sauƙaƙa mana aiki da ƙananan tambura a jere. Sa madubin ƙara girma. Zaki yana tafiya, wato azurfa 925 cikin 1000. Anga, ƙugiyar nan ta tsayar da jirgin ruwa, wato a Bamingam aka gwada ta, in kan damisa ne Landan. Sai harafi guda da ke nuna shekara, wannan sai ka duba jadawali don salon harafin ma yana canza lissafi. Na Jamus daga 1888 jinjirin wata ne da kambi, yawanci da 800 a gefe. Na Faransa kan mace sanye da hular yaƙi, wadda suke kira Minaba. Ka duba murfi daban wuya daban, ya kamata tamburan su yi magana ɗaya.

Wannan butar ita ta koya min darasi mai ɗaci. Da na kawo ta cikinta ya yi dusu-dusu, sai nace bari in jiƙa ta a ruwan ɗumi ta kwana. Da safe na ɗaga ta ta mariƙi, sai ƙarfen ya taho a hannuna gilashin ya zauna a cikin roba, ruwan ya yi fari kamar madara. Ashe wuyan da farin filasta aka liƙe shi, ruwa kuma ya ci shi. Allah ya taimake ni ban ɗaga ta sama ba. Tun daga ranar bana nutsa komai mai wuyan ƙarfe, ruwa a ciki kawai nake zubawa da ɗigon sabulu in juya in zubar, wajen kuma ɗanyen tsumma, injin wanke kwanuka kam ko kusa. Ruwan zafi ma a'a, tsohon gilashi yana tsagewa in zafi ya canza masa farat ɗaya. Sannan wannan filastan shi ma shaida ne, tsoho ya yi duhu ya bushe har da 'yan tsaga, in ka leƙa ka ga gam mai sheƙi kamar roba to hannun zamani ya taɓa wajen.

Goge ƙarfe kuma a yi a hankali, duk gogewa ɗaya kana cire azurfa ne, musamman na ruwan azurfa. Baƙin da ya kwanta cikin lungun zane ku bar shi, shi ke fito da furen. Kuma in gilashin mai nauyi ne mai ƙara kamar ƙararrawa, wataƙila akwai dalma a ciki, kar a bar abin sha ya kwana a cikinsa.

Na ƙarshe shi ya karya duk dokar da na kafa. Wannan mariƙin kofin shayi ne na Rasha, su suna ce masa podstakannik, wanda har yau ake kawo shayi a cikinsa a jiragen ƙasansu, kuma masana'antar garin Kolcugino ta yi suna wajen ƙera shi. Shi tun asali an yi shi ne don a riƙa canza masa kofi, in ya fashe a sa wani, don haka ƙarfen kawai zaka karanta. In ka ga 84 a jikin na zamanin sarakuna azurfa ce 875 cikin 1000, na zamanin Sobiyet kuma yawanci farin ƙarfe ne na jan ƙarfe da nikel. Kofin da ke cikin nawa ɗin nan ko shekara biyar bai yi ba, kuma da shi zan sha shayi yanzu in na kashe kyamara. Sai mun haɗu a darasi na gaba.