Lavaux: Gonakin Inabin da Ke Shan Rana Uku

Ku dubi wannan gangaren da kyau. Nan ne Lavaux, a ƙasar Suwizalan, a bakin Tafkin Geneva, tsakanin birnin Lausanne da Montreux. Ga ruwa a ƙasa, ga duwatsun Faransa can tsallake, ga gonakin inabi hawa-hawa sun dafe jikin tudu tamkar matakalar bene. Faɗinsu ya kai kadada 830, kuma a shekarar 2007 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya.

Wa ya yi wannan aiki? Sufayen Kirista ne suka soma shi a ƙarni na 12. Suka sare daji, suka haƙe duwatsu, suka gina katangu don su tare ƙasa kada ruwan sama ya kwashe ta. Yau idan aka haɗa tsawon katangun nan, ya kai kimanin kilomita 400.

Mutanen yankin kan ce inabinsu rana uku yake sha. Akwai ta sama. Akwai wadda tafkin ke haskowa jikin gangaren. Ta ukun kuwa a cikin katangun take: dutse ya wuni yana shan zafi, dare na yi sai ya riƙa sakinsa a hankali, kurangar da ke jingine da shi ta kwana da ɗumi. A ƙasa mai sanyi irin wannan, ɗumin nan ne ke sa 'ya'yan su nuna sosai.

Irin da aka fi shukawa shi ne Chasselas, fari, mai siririn ɓawo, wanda ba shi da ƙamshi mai ƙarfi. Shi ya sa masana ke cewa ɗanɗanon ƙasar da ya tsiro a kai ne ke fitowa a giyarsa. Bayan an matse ruwan, ana barin yis ya cinye kusan duk sukarin, sai a samu farar giya marar zaƙi.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wahalar noman. Tarakta ba ta da wurin juyawa a nan. Da hannu ake sassabe, da hannu ake tsinka a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Akwatunan inabi a baya ake goyo, ko a ɗora su kan wani ɗan keken inji mai bin siririn dogo guda, wani lokaci har jirgi mai saukar ungulu ake kira. Katanga ta rufta, sai an sake ta dutse bayan dutse.

A yankin Dézaley, inda gangaren ya fi tsanani, akwai tsofaffin gidajen sarrafa giya biyu da sufayen suka bari, Clos des Moines da Clos des Abbayes. Yanzu mallakar birnin Lausanne ne, kuma tun 1803 birnin ke gwanjon giyarsa a bainar jama'a duk shekara.

An so a cika wurin da gine-gine. Franz Weber, wani ɗan gwagwarmayar kare muhalli, ya tashi haiƙan don hana hakan, kuma a 1977 masu zaɓe na jihar Vaud, inda yankin yake, suka amince a rubuta kariyar Lavaux cikin tsarin mulkinsu. Kwalaben giyar Lavaux kuwa da wuya ka gansu a ƙasashen waje, domin 'yan ƙasar ke shanye kusan duk abin da suka noma.