Tsintuwa da 'ya'yanta huɗu

Hajara: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hajara, ga Nura kusa da ni, yau kuma mun samu Malam Isuhu ya zauna da mu. Idan kun ji wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa, ba jariri ba ne, baƙi ne na zo da su a kwali.

Nura: Baƙi huɗu da uwarsu. Malam, kun ga yadda aka mayar mana da ɗakin ɗaukar shiri gidan jego?

Malam Isuhu: Na gani, Nura. Ni dai tun daga ƙofa na ce a matsar da kwalin nesa da ni. Mai kiwon tantabara ba ya shiri da mage.

Hajara: Za mu zo kan tantabarunku, Malam. Bari in fara da uwar. Bara ne cikin watan Agusta, an kwana ana ruwa a Zariya. Na fito da sassafe, sai na ji wani abu yana tsiwa a bayan teburin mai shayin layinmu. Buhun siminti ne an ɗaure bakinsa da igiyar leda. Da muka kwance, 'ya'yan mage ne uku. Biyu sun riga sun sandare. Ta ukun ko ɗaga kai ba ta iya yi, idonta bai daɗe da buɗewa ba, ka ga kwananta bai wuce goma zuwa sha huɗu ba ke nan.

Malam Isuhu: Innalillahi. A ɗaure?

Hajara: A ɗaure tamau, Malam. Na naɗe ta a gefen hijabina na koma gida. Umma na ganina ta ce, "Wannan tsintuwar fa?" Sunan da ya bi ta ke nan.

Nura: Faɗa musu kuskuren da kika fara yi, don kowa shi yake yi.

Hajara: Madara. Na dama madarar gari a murfin kwalba na ɗura mata. Kafin azahar zawo ya ɓarke. Da na kira wata likitar dabbobi, kafin ta tambaye ni abin da na ba ta, cewa ta yi, "Jikinta da ɗumi?" Ashe ɗan mage a makonnin farko ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa, kuma in jikin ya yi sanyi, cikin ba ya narkar da komai. Ta ce in zuba ruwan ɗumi a gora, in naɗe da tsumma, in kwantar da ita a jiki. Sai ta ɗumama tukuna a yi maganar ci. Madarar shanu kuwa, ko ta gwangwani ko nonon da muke saye, yawancin maguna ba ta karɓarsu. Akwai tasu ta musamman a shagunan maganin dabbobi.

Nura: Mu kuwa tun muna yara hoton da muka sani shi ne kyanwa da kwanon madara.

Hajara: Hoto ne kawai. Da sirinji nake ba ta, an cire allurar, duk bayan awa biyu zuwa uku, har cikin dare. Kuma a kife take sha, ba a rigingine kamar jariri ba, don kada ta shaƙe. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba ta iya fitsari da kanta. Uwar ce ke lashe su har su yi. To ni ce uwar, sai in jiƙa auduga da ruwan ɗumi in riƙa shafa mata ƙasan wutsiya. Umma tana tsaye tana kallona, tana cewa, "Allah ya kawo miji, mu ga ko naki za ki yi wa haka."

Malam Isuhu: Hajiya ta yi gaskiya. Amma zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Wannan karon muzurun ne ma aka ceta.

Nura: Malam, tunda kuna nan, akwai abin da ake ta faɗa a gidaje. Wai mage ƙazanta ce, in ta sa baki a ruwa an zubar. Wai baƙar mage aljana ce ko mayya, wai gashinta in ya faɗa abinci yana kawo tarin fuka.

Malam Isuhu: Maganar ruwa dai an gama ta tun zamanin sahabbai. Yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda muke karantawa a zaure. Abu Ƙatada ya zo zai yi alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Matar ɗansa, Kabsha, tana kallonsa da mamaki, sai ya gaya mata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Ga Abu Huraira, laƙabin nasa ma daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ya samo shi. Amma wanda nake so mai ɗaure buhun nan ya ji shi ne na Buhari da Muslim: matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. To ɗaure buhu da tsarewa, ina bambancin?

Hajara: Babu.

Malam Isuhu: Sai dai in yi gyara ɗaya. Labarin nan da ake yaɗawa a WhatsApp, na wata kyanwa mai suna Mu'izza da aka yanke hannun riga don kada a tashe ta daga barci, ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi. Abin da ya inganta ya ishe mu.

Nura: Tarin fuka kuma ƙwayar cuta ce ke kawo shi, daga tarin mai ɗauke da ita. Abin da ke gaskiya shi ne wasu jikinsu ba ya son mage, sai atishawa da ƙaiƙayin ido, mai asma kuma tana iya tayar masa. Irin wannan gidan, a haƙura.

Hajara: Da makero. Wannan kam na sha shi. Wata na biyu sai ga wani zagaye a damtsena, ita kuma gashin bayan kunnenta ya zube. Tare muka yi magani. Magen da aka tsinta a waje sai an ɗauka tana da ƙuma da tsutsar ciki, a kai ta a duba ta kafin yara su fara rungumarta. Mu a nan mun yi sa'a, ga asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Tana cika wata uku aka yi mata rigakafin haukan kare, don ba kare kaɗai ke ɗaukarsa ba.

Nura: Kuma in baƙuwar mage ta cije ka ko ta yakushe ka, ba a tsaya shafa toka. Sabulu da ruwa mai gudu, minti 15, sannan asibiti. Ba kowace ce kyanwar Lami ba, da ba cizo ba yakushi. Ni abin da ke ƙona min rai shi ne maganin mutane. Wani maƙwabcinmu magensa ta yi laushi, ya ɓallo rabin farasitamol ya ɗura mata, don tausayi fa. Washegari fuskarta ta kumbura, dasashinta ya canja launi, kafin dare ta mutu. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka fiya-fiya da wasu ke shafa musu don ƙuma, haka maganin ƙumar kare.

Malam Isuhu: To me take ci yanzu? Kada ki ce min abincin gwangwani, ana wannan tsadar.

Hajara: Ina! Kan kifi, hanjin kaza daga wajen masu fige kaji, huhu da tarkacen nama daga mahauci, in tafasa ba gishiri ba albasa. Albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, don haka ragowar miya ba nata ba ne. Mage mai cin nama ce ta asali, Malam, tuwo zalla ba ya riƙe ta. Bayan gida kuwa tsohuwar roba na cika da yashi, sau ɗaya na ɗora ta a kai ta gane. Sai dai mai juna biyu kada ta kwashe yashin nan, akwai cutar da ke bi ta kashin mage ta taɓa ɗan ciki.

Malam Isuhu: To ni ga ƙarata. Wani jan muzuru ya ci min 'yan shila bakwai a damina ɗaya. Yana kwance kan katanga kamar ba ruwansa, mage mai kwanciyar ɗaukar rai. Shi ma in tsince shi?

Nura: Ku gyara ƙofar akurkin dai, Malam. Amma ku tuna ɓerayen da ke cin dawar tantabarun. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a cikin matakan kare gida daga zazzaɓin Lassa, ta ambaci ajiye mage tare da rufe hatsi da nisanta shara. Dama ɓera ne ya haɗa mu da ita tun farko, tun da mutum ya fara tara hatsi. A tsibirin Kubrus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, mutum da mage kusa da juna.

Hajara: Ni abin da ke ba ni haushi, ga su nan a kasuwa da bayan masallatai suna mutuwa, amma sai ka ga an zuba kuɗi an sayo mai dogon gashi irin ta Farisa don a ɗora a Instagram. Zafin Afrilu ya zo tana haki, gashi ya cukurkuɗe, sai a fara neman wanda za a ba. Tamu ta gida kuwa ta san zafin, ta san ɓeran.

Malam Isuhu: Sayar da ita ma akwai magana. A Sahihu Muslim, Jabir ya ruwaito hani game da kuɗin kare da na kyanwa. Mafi yawan malamai sun halatta cinikin, sun ɗauki hanin a kan karhanci, wasu kuma sun tsaya a kan zahirinsa. Wanda aka ba kyauta dai ya huta da saɓanin.

Nura: To mu zo kan kwalin nan, don shi ne inda gizo ke saƙar.

Hajara: Nan ne na yi sakaci. Ina ganinta yarinya, ashe tun daga wata huɗu zuwa shida mage na iya ɗaukar ciki. Ta fara kukan dare tana birgima, muzurai suka cika mana katanga. Cikin nasu kwana 63 zuwa 65 ne kawai, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Ranar da ta haihu a cikin kwabar Umma, kan atamfofinta, na zauna ina lissafi, sai na gane yadda mutum ke kaiwa ga ɗaure buhu. Ban ba shi uzuri ba, amma na ga hanyar da ya biyo. Likita ta ce da zarar ta yaye su a kawo ta a yi mata aikin hana haihuwa, muzuru kuma fiɗiye shi ake yi. Shi ne nake ta jin nauyi, Malam. Ba canja halitta ba ne?

Malam Isuhu: Malamai sun yi saɓani, 'yata. Akwai masu hanawa, akwai masu cewa in akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba, babu laifi. Mu da muke dandaƙe bunsuru da sa don su yi ƙiba, ba mu da bakin cewa ba mu san abin ba. A nawa ganin, aikin da likita zai yi da allurar barci ya fi sauƙi a kan 'ya'yan da za a riƙa zubarwa a kwata duk bayan wata huɗu. Amma ba reza a bayan gida ba.

Hajara: To alhamdu lillahi. Su kuma waɗannan sai sun cika mako takwas zan raba su da uwar. Biyu an riga an kama, ƙanwar Nura da wata malamar makarantarmu. Saura wannan mai farin wuyan, da baƙin.

Nura: Baƙin ne ba mai so, ko?

Hajara: Mutum uku sun zo, kowa sai ya tsallake shi.

Malam Isuhu: Miƙo shi in gani. A'a, ka ji shi ba nauyi. Namiji ne?

Hajara: Namiji ne, Malam.

Malam Isuhu: In ya tashi tare da tantabarun tun yana ƙarami, zai bar su?

Nura: Wannan kam ba mai ɗaukar muku alƙawari.

Malam Isuhu: To bari in sa a yi wa akurkin raga tukuna. Mako nawa kika ce ya rage?

Hajara: Uku.